Neman shawara: Yaya ikilisiyarmu za ta karɓi baƙin da ke ta sauka a unguwarmu?

Daga sakataren wata ikilisiya a Maraban Rido, Kaduna:

Iyayena da 'yan'uwana cikin Kristi, salama a gare ku. Dattawan ikilisiyarmu sun ɗora mini nauyin kawo musu tsari a rubuce game da baƙin da suke ta sauka a unguwarmu, ni kuwa ban taɓa yin irin wannan aiki ba. Tun ƙarshen damina iyalai goma sha ɗaya suka fara zuwa sujada wurinmu. Mafi yawansu Adara ne da Gbagyi daga ƙauyukan Kajuru da Chikun, inda 'yan bindiga suka hana su zuwa gona, sai kuma iyalai biyu daga wajen Kachia waɗanda ba su farfaɗo ba tun da cutar da ta afka wa citta a 2023 ta cinye musu jari.

Mun ɗauki baiko na musamman sau biyu, muka sayi masara da shinkafa, muka raba musu a harabar majami'a bayan sujada. Ranar farko fasto ya kira su gaba, aka yi musu tafi da addu'a. Amma tun daga ranar a layin baya suke zama, da an yi addu'ar rufewa sai su fice, iyalai uku ma sun daina zuwa. Wasu gwaurayenmu kuma sun fara gunaguni cewa an manta da su saboda baƙi, wani dattijo kuwa ya ce yana tsoron a shigo mana da wanda ba mu san halinsa ba. Ina roƙonku ku nuna mini inda muka yi kuskure.

Amsa daga shugabar zumuntar mata a Sabon Tasha:

Ɗana, Allah ya saka muku da alheri, domin niyyarku mai kyau ce, amma rabon da kuka yi a bainar jama'a shi ne ya kore su. Magidancin da bara rumbunsa yake cike, har yana kai dami majami'a ranar godiyar kaka, yau an tsayar da shi a gaban yara yana miƙa hannu a auna masa mudu biyar. Ba zai so ya sake haɗa ido da ku ba. Ku riƙa kai abincin gida da yamma, mutum biyu kawai, ku zauna a kan tabarmarsu, ku sha ruwan da suka ba ku ko da a kofin roba ne.

Matan kuwa ku bar mana su. A wurinmu duk macen da ta zo sabuwa, muna haɗa ta da mace ɗaya da za ta biya mata ranar taron zumunta su taho tare, mu saya mata zanen zumunta daga asusunmu ba tare da sanarwa ba, don kada ta zauna a cikinmu ita kaɗai da kaya daban. Idan ta iya buga tulu ko ba da waƙa, a makon nan za mu miƙa mata. Bayan wata biyu sai mu sa ta a adashe da ɗan abin da za ta iya zubawa, mu ba ta ɗaukar farko, ta ja jarin ƙosai ko awara.

Amsa daga wani ɗan'uwa a Gonin Gora:

Malam sakatare, ni ma na taɓa zama a layin bayan nan da kake faɗa. Daga Michika na fito a watan Satumba na 2014 lokacin da Boko Haram suka shiga garin, muka tsaya a Mubi, a watan Oktoba ita ma ta faɗa hannunsu tare da hedikwatar ikilisiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi, sai muka biyo hanya har Kaduna da yara huɗu. Abinci mun samu, ba zan yi butulci ba. Abin da ya fi ƙarfina shi ne ɗaki. Masu gida a nan kuɗin shekara suke nema a dunƙule, kuma ba su ba wanda ba su sani ba sai wani ya tsaya masa. Na yi mako uku ina yawo, har sai da wani dattijon ikilisiyar da ba ma tawa ba ya ɗauke ni a kan babur ɗinsa, ya kai ni wurin wani mai gida, ya ce wannan ƙanena ne, a bar shi ya riƙa biya wata-wata, idan ya gaza ni zan biya. Bai kashe ko kwabo ba, domin ban gaza ba, amma da bai sa sunansa ba da ban samu ba. Shi ne kuma ya haɗa ni da wani birkila, na fara aikin lebura.

Saboda haka ka rubuta wa dattawa cewa kowane iyali a haɗa shi da magidanci ɗaya daga cikinku da zai zama nasa: wanda zai tsaya masa wurin mai gida, ya raka matar awon ciki, ya nuna masa inda ake rajistar katin ɗan ƙasa idan nasa ya ƙone, ya kai yara makaranta ya yi bayanin dalilin da ba su da takardar canjin makaranta. Mutumin ƙauye bai san ƙofar da ake bugawa a birni ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya yi ta tambaya ba.

Ina kuma roƙonku kada ku sa kowa ya ba da shaida a kan abin da ya same shi. An sa ni sau uku, kowane karo sai in kwana ban runtsa ba. Wanda ya shirya zai faɗa da kansa. Ku kuma ja wa matasanku kunne game da nokawut, abin wasan nan mai fashewa, idan Kirsimeti ta matso, domin ɗiyata ta taɓa shigewa ƙarƙashin benci tana rawar jiki saboda ƙararsa, shekara guda bayan mun iso.

Amsa daga wani Rabaran mai ritaya a Kakuri:

Ɗana, gunagunin gwauraye ba sabon abu ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6 an yi irinsa a Urushalima, lokacin da masu jin Helenanci suka ga ana tsallake gwaurayensu wurin rabon abinci, manzanni kuwa ba su tsawata wa kowa ba, sai suka sa a zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma sunayen dukansu na Helenanci ne. Ku yi haka. Kwamitinku ya ƙunshi gwauruwa ɗaya daga tsofaffin membobi da mutum biyu daga cikin baƙin, a kuma raba asusun baƙi da na gwauraye, a riƙa karanta lissafin kowanne a taron ikilisiya.

Shi kuma dattijon da ke tsoro, kada ku raina maganarsa. Ku kai kowane magidanci wurin mai unguwa ya san da zamansa, ku nemi faston ƙauyensu ta waya, ko wani ɗan garinsu da ya daɗe a nan. Wannan kariya ce gare su su ma, don kada gobe a yi sata a ɗora musu. Amma ku tuna wa dattijon cewa Kaduna garin baƙi ne tun da aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Mahaifina masaƙa ce ta kawo shi Kakuri bayan an buɗe ta a 1957, kuma da yawa daga cikin masu cika majami'unmu na kudancin gari, rikicin addini na shekarar 2000 ne ya tsallako da su kogin Kaduna da kaya a ka. Idan kuma wanda ya sauka kusa da ku Musulmi ne, ku kai masa abinci kamar kowa ba tare da wani sharaɗi ba; wanda kuma ɗan Katolika ne ko ɗan Baptist, ku nuna masa hanyar majami'arsa, kada taimako ya zama ƙugiya.

Amsa daga wata malamar firamare a Unguwar Boro:

Yayana, zan ƙara a kan harshe. Wasu za su ce a buɗe musu sujada daban da yarensu, ni kuwa ban goyi baya ba, domin hakan zai mai da ku ikilisiya biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ya fi kyau a ba su waƙa ɗaya da Adara ko Gbagyi a cikin sujadar Hausa, kowa ya koya. Yaran kuma da suka yi shekara ba su shiga aji ba suna bukatar darasin yamma, ko sau biyu a mako, kafin su kamo 'yan ajinsu. Ɗaliban sakandarenku za su iya koyar da su a majami'a.

Sakataren ya dawo:

Baba Rabaran, Mama, da 'yan'uwana, na gode ƙwarai, Ubangiji ya ƙara muku hikima. Jiya da yamma ni da matata mun je gidan ɗaya daga cikin iyalan da suka daina zuwa, ashe maigidan shi ne yake jagorantar ƙungiyar mawaƙa a ƙauyensu shekara tara, mu kuwa tun watan Yuni muke neman wanda zai riƙe tamu. Ya ce zai zo gwajin waƙa ranar Alhamis. Ɗan'uwa na Gonin Gora, idan ba za ka damu ba, ina so ka zo zaman dattawanmu ka yi musu bayanin tsayawa wurin masu gida da bakinka, domin iyalai huɗu har yanzu a kangon da ba ƙofa suke kwana, ga sanyin hunturu ya fara shigowa.