Asabar za su shiga Metrol: in faɗa musu abin da ya cinye Cyre ko in yi shiru?

Mai_Jan_Wasa: Salamu alaikum jama'a. Wata 14 ke nan ina jan wasan D&D (Dungeons & Dragons, wasan labari na kan tebur da ake yi da 'yan lido) a ƙirƙirarriyar duniyar Eberron, mu biyar ne. Asabar mai zuwa 'yan wasana za su shiga Metrol, tsohon babban birnin ƙasar Cyre, sun riga sun ratsa hazon nan mai ruwan toka da ya zagaye Mournland, wato kufan Cyre. Ga damuwata: ɗaya daga cikinsu jarumarta 'yar Cyre ce, iyayenta na cikin waɗanda suka mutu ranar da bala'i ya cinye ƙasar, 20 ga watan Olarune, shekara ta 994 a kalandar Eberron. Tun zaman farko ba ta da buri sai ta san wanda ya yi. Ni kuwa har yau ban yanke ba. In ce makamin gidan Cannith, masu ƙera kayan sihiri, ne ya kuɓuce musu? In ce sihirin yaƙin shekara ɗari ne ya taru ya fashe? Ko in bar shi a rufe? Littafin Eberron na 2019 ina da shi, babu amsa a ciki. Kuma don Allah kada a kawo mini Lord of Blades, shugaban ƙerarrun sojojin da ke Mournland, sun gama da shi tun watan jiya.

Gizo_Gizo: Wa alaikumus salam. Ka ce Lord of Blades ne ya yi, shi ke nan.

Tsohon_Hannu: Ƙanena, kada ka faɗa. Tun littafin farko na 2004 nake wannan wasa. Keith Baker, wanda ya ƙirƙiro Eberron, da gangan ya bar wurin a buɗe. Ka duba, me ya sa ƙasashen suka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Thronehold a 996? Ba don sun shirya ba ne, tsoro ne. Ƙasa guda ta tafi a yini ɗaya, mutum sama da miliyan, ba wanda ya san dalili. Ran da aka tabbatar makami ne, kowane sarki zai nemi irinsa, yaƙi ya dawo sabo. In ka shirya jan wannan labarin, bismillah.

Gwauron_Dodo: Hmm. Ni wannan "kada ka faɗa" ita ta kashe mini shekara biyu. Na rubuta tarihin jarumina da hannu, shafi uku, na ba mai jan wasanmu. A ciki akwai yayansa, mai jinyar sojoji, wanda ya ɓace cikin hazon. Duk zama sai ya ce mana "kun kusa". Muka ratsa filin da gawawwaki ke kwance kamar yanzu suka faɗi, ba su ruɓe ba. Muka rasa mutum biyu saboda rauni ba ya warkewa a can. Daren ƙarshe muka hau tudun gilashin, ga wata ƙofa. Na jefa ɗan lido mai fuska 20, ya ba ni 20 cif. Kowa ya miƙe tsaye. Sai mutumin nan ya yi ta juya takardunsa, ya daɗe, sannan ya ce yayan jarumina ne ya jawo bala'in. Ko sunan yayan bai faɗa daidai ba! A take na gane a wurin ya ƙirƙiro, shafi ukun nan ko buɗe su bai yi ba. Na tattara 'yan lidona, ban sake komawa ba.

Ƙanwar_Maza: Ayya, sannu Yaya. Amma ai naka faɗa aka yi, ba ɓoyewa ba.

Gwauron_Dodo: An ɓoye shekara biyu saboda babu komai a bayan ƙofar. Shi nake nufi.

Na_Bakin_Tebur: Malam ka sayi littafin 2019 kawai, dala 49.95 aka sa masa da ya fito, akwai ra'ayoyi a ciki.

Gizo_Gizo: Wane 49? Na kwamfuta kusan dala 30 na biya.

Ƙanwar_Maza: Ni na hannu na samu a dala 20, sai dai taswirar ta yage daidai kan Cyre. Da ma can ƙasar ba ta nan.

Mai_Jan_Wasa: Jama'a na ce ina da littafin.

Na_Bakin_Tebur: Kuma maganar rauni ba ya warkewa, mu a teburinmu muna warkewa lafiya lau.

Tsohon_Hannu: To ba Mournland kuka shiga ba, yawon shan iska kuka je. Wanda ya fara wasa bara bai kamata yana gyara wa mutane zance ba.

Ƙanwar_Maza: Haba Baba, daɗewa a wasa ba shi ne iya jan sa ba. Ka taɓa kai 'yan wasa ƙarshen labari ko sau ɗaya? Wanda aka yi wa abin ya fi ka sanin zafinsa.

Tsohon_Hannu: Sau biyu muka kusa. Mutane ne suka daina zuwa.

Gizo_Gizo: Ashe mun gano asalin hazon. Shi ke haɗiye 'yan wasa duk ranar zama.

Gwauron_Dodo: Wallahi wannan ya fi komai ciwo. Ka kwana uku kana zana taswira, saura awa ɗaya wani ya turo "yau ba zan samu ba". Wanda ya zo kuma kansa na kan waya, sai an kira sunansa ya ce "ina muke?"

Na_Bakin_Tebur: Mu doka muka sa: ka yi fashi sau uku, jaruminka ya koma hannun mai jan wasa.

Ƙanwar_Maza: Wannan zalunci ne, mutane na da aiki da iyali.

Mai_Jan_Wasa: Ni dai na fara karkata ga Cannith, amma in ba ta rabin amsa, wata takarda mai hatimi a fadar Sarauniya Dannel ta Cyre. Sai ga shi yanzu mai jarumar ta turo saƙo wai ko za a ɗaga zuwa Lahadi. Biyu daga cikinmu kuma Lahadi ba sa samu.

Gizo_Gizo: Sau nawa ta yi fashi zuwa yanzu?