Shawarwarin malaman lissafi kan lacca ga jama'a da tallafa wa ɗalibai a Maradi

Malaman lissafi na jami'a da na lise (babbar sakandare) sun tattauna yadda za a jawo yara zuwa fannin, kuma bakinsu ya zo ɗaya kan lacca. Kada ta wuce minti 40, a bar 20 na tambayoyi. A fara da abin da kowa ya sani: rabon gado, inda tumuni yake 1/8, sudusi 1/6, ko ƙidayar kasuwa, dala ɗaya tamma 5, jika dala 200. Sai an gama misalin da Hausa a kawo kalmar Faransanci, don nan ne yawancin masu sauraro ke ɓacewa. A tanadi allo da alli ko da akwai na'urar haska hoto, wuta na iya ɗaukewa.

Maganar ƴan mata ta fi ɗaukar lokaci. Darasin yamma ba ya yi musu, aikin gida na jiransu, iyaye kuma ba sa son dawowar magariba. A mai da shi safiyar Asabar, a fara neman yardar iyaye, ɗaliba ƴar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta jagoranta.

Sababbin ɗalibai daga Dakoro ko Mayahi kuwa, a haɗa su shida-shida da ɗalibin da ke shekara ta uku tun makon farko, kafin jarrabawa ta karya musu gwiwa.