Na ba da kafin alƙalamin jirgin ruwa na shaƙatawa, yanzu ejan ya ce biza ba ruwansa

Mai tambaya, Gwarinpa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin maigidana a gidan nan. A yi min uzuri, zancen da ɗan tsawo.

Tun ina amarya maigida yake min alkawarin zai fita da ni waje. Shekarar da ya yi niyya mahaifinsa ya kwanta ciwo, Allah ya jiƙansa, kuɗin suka tafi asibiti. Daga nan aka shiga gini, gini bai ƙare ba korona ta zo, ana farfaɗowa aka cire tallafin mai, kowa ya san yadda aka ji a jika. Ban taɓa yi masa gori ba. Ƙannensa biyu a hannuna suka yi karatu har aka kai su ɗakunansu, ko cokali ban ce a biya ni ba. To bana babbar 'yarmu ta sauke Alƙur'ani, ga shi za ta zana WAEC, sai ya ce in zaɓi inda za mu je a dogon hutun Agusta, shi zai ɗauki tikitin jirgin sama, ni in ji da sauran. Yara suka kafe sai jirgin ruwan nan da suke gani a TikTok, mai wurin ninƙaya a samansa. Ƙawata ta haɗa ni da wani ejan, ya nuna min wanda ke tashi daga Basalona ta ƙasar Sifaniya, kwana bakwai, ya tsaya Marsey, Jenowa, kusa da Rum, Palermo da Tunisiya, ya dawo. Ya ce yara kyauta ne, kuma in satin ya wuce farashi zai hau. Ranar na kwashi adashina na tura masa.

Mu bakwai ne: ni, maigida, yara uku, 'yar ƙanwata da nake riƙo, sai Hajiyarsa, wadda da ta ji labari ta ce ƙafarta ƙafarmu. Yanzu ejan ya ce biza ba ta cikin cinikinmu. Hajiya ta ce ba za ta ci naman da ba ta san wanda ya yanka ba. Maigida ya ce ni na jajiɓo. Ga mu a Afrilu. Ta ina zan fara?

Hajiya Mai Leshi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kin riga malam masallaci. Mai fasfon Najeriya biza yake fara tunani, jirgi daga baya. Bari in faɗa miki tiryan-tiryan, don ni hanyar nan ba baƙuwata ba ce.

Bizar Shengen, wato biza ɗaya da ke shiga da mutum rukunin ƙasashen Turai irin su Sifaniya, Faransa da Italiya, kuke buƙata, ku bakwai ɗin. Duk wanda ya kai shekara 12 yuro 90 ne, daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12 yuro 45, wanda bai kai 6 ba kyauta, ban da kuɗin ofishin da ke karɓar takardu. In an hana ku, ko sisi ba a maidowa. Ana iya nema tun saura wata shida a tafi, ke yanzu saura miki huɗu, kuma lokacin ne kowa ke rububin ranar ganawa. A ƙa'ida kwana 15 ake amsawa, amma suna da damar ja har 45. Sai inshorar lafiya wadda ta kai yuro 30,000 ga kowane mutum. Sannan ki buɗe kunne: Tunisiya ba ta cikin Shengen. Ranar da jirgin ya tsaya can kun fita ke nan, komawa Basalona sabuwar shiga ce. In aka buga muku biza mai shiga sau ɗaya, tun a bakin jirgi za a tsayar da ku, ko kin rantse ba za ki sauka a Tunisiyar ba. Mai shiga da yawa za ki nema. Ki kuma sa kamfanin jirgin, ba ejan ba, su rubuto miki abin da fasfonmu ke buƙata a tashar Tunisiya.

Baban Sultan, Kubwa:
Hajiya ta yi bayani. Ofishin jakadancin Sifaniya za ku nufa tunda nan za ku fara sauka.

Hajiya Mai Leshi:
A'a Baban Sultan, kar ka ɓatar da ita. Ƙasar da za a fi daɗewa ake nema, sai in kwanakin sun zo daidai ake duba inda aka fara shiga. Ƙirga tashoshin: Italiya uku, Jenowa, na kusa da Rum da Palermo. Sai dai in za su ƙara kwanaki a Basalona, wanda dama dole su isa ana gobe tashi, don jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara.

Baban Sultan, Kubwa:
To ni dai ta Sifaniya maƙwabcina ya bi kuma ya samu. Ni da na bi ƙa'idar sak me na tsinta? Takardar banki, takardar aiki, takardar fili, duk na kai, aka maido min da fasfo da wata 'yar takarda wai ba su gamsu zan dawo ba. Ina da mata biyu da 'ya'ya tara a Kubwa, ina zan gudu in bar su? Har yau in na tuna kuɗin nan raina ɓaci yake.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya. Amma ba wai na biya ido rufe ba ne. Ejan ya ce ofishin jakadanci sai sun ga shaidar an kama wuri a jirgi kafin su ba da biza, shi ya sa. Kuma ƙawar tawa ba za ta haɗa ni da macuci ba.

Hajiya Mai Leshi:
Shaidar kama wuri daban, kuɗin da ba ya dawowa daban. Takardar da kamfanin jirgin ya fitar mai lamba da sunayenku bakwai, tana hannunki? Kuma "yara kyauta" ɗin nan, ki zauna da kalkuleta. Yawancin ɗakunan mutum huɗu suke ci, ku bakwai ɗaki biyu ne, kuma a kowane ɗaki mutum biyun farko kuɗin babba suke biya. Ɗakin Hajiya ke nan ɗaya daga cikin yaran zai biya cikakke. Waɗanda aka ce kyautan ma ana karɓar harajin tasha a kansu. Sai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowa kullum, babba ya haura yuro 10 a kwana. Lemon kwalba da ruwan gora saye ake, intanet saye ake, fita yawo a gari saye ake. "Kusa da Rum" ɗin da ya ce miki Cibitabekiya ce, tafiyar wajen kilomita 80 zuwa cikin birnin. In kun fita da kanku kuka wuce lokacin komawa, jirgi zai ɗaga ya bar ku a tasha.

Maman Ilham, Lugbe:
Ni abin da ya tsaya min a rai uwar miji. 'Yar uwa, adashinki, hutunki, sannan ki tafi da mai sa ido? Tawa Umra muka je da ita, tun daga Abuja har Madina ba abin da na yi daidai. Shayi ya yi zafi, shayi ya huce, na cika tafiya da sauri a ɗawafi. Muka dawo ta tara 'ya'yanta mata ta ce na bar ta da yunwa. Ki ce wa ɗanta ya biya mata nata da kansa ko ya lallashe ta ta zauna.

Mai tambaya:
A'a Maman Ilham, Hajiyarmu ba ta da matsala, tsufa ne kawai da ciwon gwiwa. Abincin ne damuwata.

Anti Larai, Garki:
Abinci ba zai gagara ba. Wurin cin abinci na ɗiba-da-kanka yana cikin kuɗin da kuka biya, akwai kifi, ƙwai, shinkafa, taliya, dankali, ganye da kayan marmari. Naman halal wasu jirage suna tanada in an sanar da su a rubuce makonni kafin tafiya, wasu ba sa yi. Ku riƙa tambaya ko an sa giya a miya, Turawa suna girki da ita. Ki tafi da yajinki da garin kunu. Kilishi da dambun nama kuwa ki bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga waje. Kasko da turaren wuta ma kar Hajiya ta ɗauka, duk abin da ke kama wuta an hana a jirgi, har dutsen guga, kuma ɗakunan da na'urar jin hayaƙi. Don gwiwarta ki roƙi ɗaki kusa da lif.

Ummu Hanan:
Ni kilishi na kai wa ɗana har Jamus cikin zannuwa ba wanda ya ce min kanzil.

Malam Na Area 1:
Ba wanda ya taɓo salla. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, za ku yi ƙasaru. A jirgin ruwa ana salla a tsaye ga mai iko, a fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya a juya. Talabijin ɗin ɗaki yakan nuna inda jirgi ya dosa, da shi za ku gane alƙibla. Amma baiwar Allah, jiragen nan akwai mashaya da gidan caca da tsiraici a bakin ruwa, ga 'yan mata kin ce har da mai sauka. Akwai jirgin Saudiyya, Aroya, da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, ba giya ba caca, abinci halal, da wurin salla. Da shi kuka nema, sai ku haɗa da Umra, Hajiya ma hankalinta ya kwanta.

Hajiya Mai Leshi:
Malam, a Agusta? Bahar Maliya a watan nan zafi sai ka ce gidan burodi. Shi kansa jirgin a bazarar 2025 Istanbul ya koma yana zaga Bahar Rum. In canji za ta yi ta jira Disamba: ko na Dubai da Doha, ko na Durban ta Afirka ta Kudu da ke zuwa tsibiran Mozambik daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu. Ita kuma Afirka ta Kudu ba ta wasa da katin rigakafin shawara, kuma sai allurar ta kwana 10 katin ke fara aiki. Sannan ba wanda ya tambayi 'yar riƙon nan. Sunan mahaifinta daban ne a fasfo ko? Sai takardar haihuwarta da takardar amincewar iyayenta biyu, da sa hannu da hatimi. Uban yana nan?

Mai tambaya:
Yana nan amma sun rabu da ƙanwar tawa ba daɗi, ba ma magana. Yarinyar tun tana shekara biyu take hannuna, ni ce uwarta, ban ga dalilin da zan je ina roƙonsa ba. Disamba kuma ba zai yiwu ba, hutun gajere ne kuma na riga na gaya wa yara Agusta, har sun faɗa a makaranta. Wani abu ɗaya, wane magani ake sha na juwa da amai a teku? Ina da ƙaramin ciki, wata biyu da 'yan kwanaki, ba na so in sha abin da bai dace ba.

Sista Rabi, Asokoro:
Innalillahi. 'Yar uwa da wannan ya kamata ki fara. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Manyan kamfanonin jiragen nan ba sa ɗaukar mai cikin da ya shiga mako 24 kafin tafiyar ta ƙare, kuma suna neman takardar likita mai nuna makonnin. Lissafa: wata biyu da ɗori a Afrilu, tsakiyar Agusta kin wuce wata shida. Asibitin cikin jirgi ƙarami ne, ba shi da kayan kula da bakwaini, kuma kuɗi ake biya mai tsada. Ki je awo a yi hoto a tabbatar da makonnin kafin ki ƙara ko kwabo. Magani kuma likitanki ne zai rubuta, ba mu ba.

Ummu Hanan:
Ta zumbula hijabi har ƙasa, wa zai gane? Turawa ba sa taɓa mutum.

Sista Rabi, Asokoro:
Ummu Hanan ki ji tsoron Allah. In naƙuda ta taso tsakanin Palermo da Tunisiya hijabin ne zai karɓi haihuwar? Kuma in ta ɓoye, inshora ba za ta biya ba.

Mai tambaya:
Sista na gode, amma ni cikina ba ya wahalar da ni, na ukun ma har ranar haihuwa ina tuƙi. Kuma ban tabbatar da lissafin ba, zai iya zama bai kai haka ba. Ejan bai tambaye ni ba, ni ma ban ga abin faɗa ba tunda ko dangi ba su sani ba tukuna.

Alhaji Ɗan Filato:
Duk wannan wahala ta mece ce? Kuɗin bizar kaɗai ya kai ku Yankari ku yi wanka a Wikki ku biyo ta Jos ku sha sanyi. In ruwa yara ke so ga tafkin Jabi nan da kwalekwale.

Hajiya Mai Leshi:
Alhaji ba Jabi ta tambaya ba. Ƙanwata, abu uku gobe da safe: ki karɓi lambar rajistar daga ejan ki duba ta a shafin kamfanin da kanki, ki karanta sharaɗin fasawa don yawanci in da sauran watanni kafin alƙalamin kaɗai ke tafiya ko wani ɓangarensa, sannan ki tambaya ko za su matsar muku da ranar. Amma ki sani jariri ma sai ya kai wata shida yawancinsu ke ɗaukarsa, wato Disambar ma ta kuɓuce, sai baɗi. Ko kuma su tafi su shida ke ki zauna.

Maman Ilham, Lugbe:
Ta zauna? Da adashinta uwar miji ta je ta sha iskar teku? Wallahi da ni ce sai dai kowa ya fasa.

Mai tambaya:
Ba zan zauna ba gaskiya, kuma ba zan ce wa yara an fasa ba. Maigida bai san da zancen mako 24 ba, don Allah duk wanda ya gane ni ya yi shiru har in je awo. Na kira ejan ɗazu bai ɗaga ba, ya turo saƙo wai yana taro, lambar rajistar tana wurin abokin aikinsa na Legas. Akwai wadda ta san ko ana samun jirgin da ke tashi ƙarshen Yuni, in na roƙi makaranta su bar yaran?

Hajiya Mai Leshi:
Yuni da wace bizar?

Baban Sultan, Kubwa:
Hajiya don Allah duba akwatin saƙonki, ina son in sake gwadawa ta Italiya.