Baƙin haure ko marasa izinin zama? Mu tsayar da magana

Jama'a, musamman ma'aikatan gidajen rediyo da masu fassara, akwai kalmar da nake so mu zauna a kanta. Duk labarin da ya zo daga Amurka ko Turai, ko an ce "illegal immigrants" (baƙin da suka saɓa doka) ko an ce "undocumented immigrants" (baƙi marasa takardu), abu ɗaya muke faɗa: baƙin haure. A can kuwa an fi shekara goma ana kai ruwa rana kan waɗannan kalmomi, har ta kai da jin wadda mutum ya furta ka san ɓangarensa a siyasa.

A watan Afrilun 2013 kamfanin dillancin labarai na AP ya daina kiran mutum "illegal", bisa hujjar cewa aiki ne ke saɓa doka, shi za a siffanta. A 2016 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya yi niyyar cire "illegal aliens" daga kanun da yake jera littattafai da su, 'yan Republican a majalisar wakilai suka yi masa ca, canjin bai tabbata ba sai 2021. A shekarar ce kuma gwamnatin Biden ta umarci hukumomin shige da fice su bar kalmar "alien", wato bare. Da Trump ya dawo a 2025 aka maido da ita. Mu kuma duk wannan dambarwa mun haɗe ta a kalma guda.

To mene ne haure? Shiga gida ta katanga, babu ƙofa babu sallama. Kowa ya san wanda ke haura gidan mutane da dare. Ashe hukunci na cikin kalmar tun kafin a faɗi abin da mutumin ya yi. Tana da daɗin faɗa, gajeriya ce, tana zama daram a kanun labari, shi ya sa ta kama bakin kowa. Kuma akwai inda ta yi daidai: matasan da ke hawa shingen waya na garuruwan Ceuta da Melilla da ke iyaka da Maroko don faɗawa ƙasar Sifaniya, ai haurawa suka yi da ƙafafunsu.

Amma ku dubi wannan. Mace ta tashi daga Kano zuwa Umra, fasfonta a hannu, biza a ciki. A filin jirgin Jidda jami'i ya duba fuskarta, ya ɗauki hoton yatsunta, ya buga hatimi, ya miƙo mata. Ta yi ibadarta, kwanakin biza suka ƙare, ta samu aikatau ta zauna. Wace katanga ta haura? Ta ƙofa ta shiga, da sallama, aka amsa mata. Haka ɗalibin da ya gama karatu a Amurka bai koma ba. Ita dokar Amurka ma ta raba su: tsallaka iyaka ba tare da an tantance ka ba laifi ne da ake gurfanarwa a kansa, wuce wa'adin biza kuwa saɓa ƙa'ida ce da kan kai ga kora. Sai yaron da aka shigo da shi a goye, irin waɗanda shirin DACA na Obama ya ba kariya a 2012. Ban san yadda ɗan goyo ke haura katanga ba.

Kalmomin da na ji ana kawowa, kowace da rauninta. "Marasa takardu" ta fi yawo, kuma 'yan uwanmu na Nijar sun saba da ita saboda "sans-papiers" na Faransanci, wadda ta yi tashe tun 1996 da 'yan Afirka suka tare a cocin Saint-Bernard na Paris. Sai dai matar nan ta Jidda tana da takardu, jakarta cike take da su. Abin da ta rasa izini ne. "'Yan ci-rani" kuma don Allah a bar ta inda take. Ci-rani sana'ar mutunci ce, a gama girbi a fita nema, ruwan farko a dawo gona, ba ruwanta da biza. Wadda ta fi damuna ita ce cakuɗawa da 'yan gudun hijira. Jirgin ruwa ya isa tsibirin Lamfedusa na Italiya, a ciki akwai 'yan Sudan da suka tsere wa yaƙin da ya ɓarke a 2023, mu ce dukkansu baƙin haure ne, alhali yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta hana a hukunta ɗan gudun hijira don ya shigo babu izini, muddin ya kai kansa ga hukuma ba da jinkiri ba.

Ga abin da nake ba da shawara: baƙi marasa izinin zama. Namiji baƙo marar izinin zama, mace baƙuwa marar izinin zama. A kanun labari, inda wuri ya yi kaɗan, "marasa izini" ta wadatar. In yadda aka shigo ake son faɗa, muna da "ta ɓarauniyar hanya" tun da daɗewa, kuma hanyar take zagi, ta ƙyale mutumin.

Wani zai ce ana shafa wa karya doka mai ne. Ina shafawar take? Marar izini dai marar izini ne, an faɗa ƙarara. Kuma mu ne bai kamata mu yi sakaci da irin wannan suna ba. A 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Ghana, korar ta shafi mutanen zango, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Ghana da sauran maƙwabta irin haka a zamanin Shagari.

Ban ce a binne "baƙin haure" ba. A ajiye ta inda take aiki. In Trump ya ce "illegal aliens", mai fassara ya ce baƙin haure, domin zafin da ke bakinsa ke nan, kuma mai sauraro na da haƙƙin ya ji shi. In gidan rediyo ne ke magana da bakinsa, ya ce marasa izinin zama. Ta haka Bahaushe zai ji cewa ɓangare biyu ne ke jayayya.

Malaman Maraɗi da Damagaram, ku nake jira: a wajenku "izinin zama" ake kiran katin da hukuma ke ba baƙo, ko akwai sunan da ya fi shi zama a bakin mutane? In akwai, a kawo shi mu gwada a jumla.