Neman shawara: wanne fim ɗin Gatsby zan haska wa ɗalibaina?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin malaman adabi da masu bin finafinan Turawa. Turanci nake koyarwa, kuma duk Asabar ina zama da yara goma sha huɗu da suka gama sakandare suna jiran shiga jami'a, muna karanta littafi tare don kada Turancinsu ya yi tsatsa. A wannan karon The Great Gatsby muka ɗauka, na F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito a 1925. Gajere ne, babi tara kacal, mun gama shida.

Ga wanda bai san labarin ba: wani ɗan talakawa ne, James Gatz, ya sauya suna ya koma Jay Gatsby. Yana soja ya kamu da son Daisy, 'yar masu hali. Ya tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin ya dawo ta auri Tom Buchanan, wanda a cikin dukiya aka haife shi. Sai Gatsby ya tara kuɗi ta hanyar sayar da giya a ɓoye, lokacin da Amurka ta haramta ta, ya sayi katafaren gida a Long Island yana kallon nata ta tsallaken ruwa, ya riƙa tara jama'a ana shagali ko za ta leƙo wata rana. Ƙarshe dai ita ta buge wata mata da motarsa, shi ya ɗauki laifin, mijin matar ya harbe shi.

Na yi wa yaran alkawarin fim in mun sauke littafin. Jiya na kalli na 2013 a waya, sai jikina ya yi sanyi. Na farko, shigar matan da raye-rayen, ban san me zan ce wa iyaye ba. Na biyu shi ya fi damuna. Ranar da muka karanta babi na uku, inda ake shagalin, wani yaro cewa ya yi, "Malama, ni dai a ba ni kuɗin, in ya so a harbe ni daga baya." Aka yi dariya, ni ban yi ba. In na haska masa wannan ƙyale-ƙyalen, anya ban ƙara masa wuta ba? Akwai wanda ya fi dacewa, ko in janye alkawarin?

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam Malama. Kada ki janye, yara ba sa manta alkawari. Na farko an yi shi tun 1926, fim ne marar magana, kuma ya ɓace, ɗan tallansa kawai ya rage. Na 1949 baƙi da fari ne, Alan Ladd ne Gatsby, amma sun mai da shi labarin 'yan daba sun kuma sassauya abubuwa, zai rikita miki yara. Akwai na talabijin na 2000 da Toby Stephens da Mira Sorvino, ba laifi, sai dai ba shi da armashi.

Ni na 1974 nake ba ki shawara. Jack Clayton ya ba da umarni, Francis Ford Coppola ya tsara labarin, Robert Redford ne Gatsby, Mia Farrow ce Daisy. Yana bin littafin sawu da ƙafa, har maganganun da yawa daga shafi aka kwaso su. Abin da nake so a ciki shi ne gumi. Kowa gumi yake, masu kuɗin nan cikin fararen kaya fuska na naso, kana kallo ka san zaman ba daɗi duk da dukiyar. Sumba da shan giya akwai su a nan ma, kada ki ce ban faɗa ba, amma bai kai na 2013 ba.

Ɗan Indiya:
Ni dai abin da na sani, a na 2013 Amita ya fito. Eh, Amitabh Bachchan namu! Shi ne Meyer Wolfsheim, uban gidan Gatsby a harkar ɓoye. 'Yan mintoci ya yi amma ya cika wurin. Malama in kin haska, ki kira ni in kawo gyaɗa.

Hajiya Umma:
Ƙanwata, ni a matsayin uwa zan yi magana. Ba fim ɗin ne zai jawo miki magana ba, jin labari daga bakin yaro ne. Yarinya ta koma gida ta ce yau Malama ta nuna mana matar aure tana soyayya da tsohon saurayinta, shi ke nan kin shiga uku, ba mai tambayar darasin da ke ciki. Ki tura wa iyayen saƙo tun kafin ranar, ki faɗi sunan fim ɗin da dalili, ki ce wuraren da ba su dace ba za ki tsallake. Wanda bai yarda ba, ɗansa ya zauna a gida ranar, ba faɗa. Kuma ki fara kallonsa ke kaɗai da biro da takarda, ki rubuta mintin da za ki tura gaba. Kada ki tsaya laluben rimot a gaban yara.

Baba Lakcara:
Malama, sannu da ƙoƙari. Na koyar da littafin nan shekaru, bari in ɗan tsawaita.

Maganar yaron nan ba ta ba ni tsoro ba, don a babi na uku ya yi ta. Marubucin so yake a wannan gaɓar mai karatu ya ruɗu, kamar yadda Nick Carraway mai ba da labarin ya ruɗu. Amsar yaron tana babi na tara, kuma ba ku kai ba tukuna. Saboda haka kada a kunna ko wane fim sai an karanta babin nan a bayyane, a aji, a hankali.

Dubi abin da ke ciki. Mutumin da ɗaruruwa ke cin abincinsa duk mako ya mutu, Nick yana ta buga waya yana neman masu zuwa jana'iza. Wolfsheim ya ce ba ya son a sa shi cikin maganar. Daisy ta tattara kaya ta bi mijinta, ko saƙo ba ta aiko ba. Wani Klipspringer, wanda ya tare a gidan Gatsby yana ci yana kwana kyauta, ya bugo waya. Nick ya ɗauka ta'aziyya zai yi, ashe takalmansa na wasa ya manta a gidan, yana so a aika masa. Duk sanda na karanta wa ɗalibai wurin nan sai aji ya yi tsit.

Sai ga mahaifinsa, tsoho Henry Gatz, ya taso daga Minnesota bayan ya ga labarin a jarida. Yana ɗauke da hoton gidan ɗansa a aljihu, hoton duk ya tsufa saboda yawan nuna wa mutane. Ya fito da wani tsohon littafi da yaron ya rubuta jadawalinsa a bangon baya a 1906: tashi ƙarfe shida, motsa jiki, karatu, aiki, koyon iya magana a gaban jama'a. A ƙasa ya rubuta ƙudurorinsa, ciki har da daina shan taba, da ajiye dala biyar duk mako, sai ya soke biyar ɗin ya mai da ita uku, da kyautata wa iyaye. Wato yaron kirki ne mai himma, irin wanda kowane uba zai yi alfahari da shi. Yaronki zai ga kansa a jadawalin nan fiye da yadda ya gan shi a shagalin.

To, na 2013 ya cire uban gaba ɗaya daga abin da aka haska a sinima. Wannan ne babban laifinsa a wurina, ba rawar ba. Na 1974 ya bar shi. Sannan Baz Luhrmann, wanda ya ba da umarnin na 2013, ya ƙara abin da ba ya cikin littafi: ya sa Nick a asibitin masu fama da shaye-shaye yana rubuta labarin bisa shawarar likita. Kuma a otal ɗin Plaza ya sa Gatsby ya fusata ya shaƙo Tom zai kai masa naushi, alhali a littafi bai taɓa shi ba. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. A fim sai ka ce fushinsa ne ya kore Daisy. A littafi kuwa tonon asirin inda kuɗinsa suka fito ne ya sa ta ja da baya, don Tom ya nuna mata cewa mai sabon kuɗi ba zai taɓa zama ɗan gida ba, ko ya fi su dukiya.

Sadiya:
Baba Lakcara, a gafarce ni, ina da ja kaɗan. Ni a jami'a aka haska mana na 1974, wallahi rabin aji barci suka yi. Ya haura awa biyu kuma tafiyar hawainiya yake. Redford ya yi kyau da yawa, ya yi kama da wanda aka haifa a gidan sarauta, ba ka ganin yunwar talaka a idonsa. Leonardo DiCaprio kuwa, Gatsby na 2013, kana ganin mutum ne da ya haddace yadda masu kuɗi ke magana, yana tsoron kada a gano shi. Wurin da zai haɗu da Daisy a gidan Nick, ya cika ɗaki da furanni, ya fice cikin ruwan sama don fargaba ya dawo jiƙe sharkaf, ai nan ya fi kowa kama Gatsby.

Kiɗan zamanin ma da ake zagi a na 2013, da gangan ne. A 1922, lokacin da labarin ya faru, jaz shi ne kiɗan da manya ke cewa yana lalata yara. In ka sa shi yau, kiɗan tsofaffi za a ji. Shi ya sa aka kawo su mawaƙi Jay-Z, don mai kallo ya ji abin da mutanen lokacin suka ji.

Abu Sadiq:
Sadiya, na yarda da maganar DiCaprio. Amma ki tuna na 2013 ɗin da kansa talla ne. Kamfanonin Prada da Brooks Brothers suka yi suturar, Tiffany ta yi kayan ado, har aka fitar da irinsu kasuwa da sunan fim ɗin. Labarin da ke sukar bautar dukiya ya koma sayar da sarƙa. Kuma lambobin Oscar biyun da ya ci, na sutura ne da na tsara wuri. Na 1974 ma biyu ya ci, sutura da kiɗa. Ka ga duk sanda aka ɗauki littafin nan, tufafin ne ke fitowa, maganar ta maƙale a takarda.

Baba Lakcara:
'Yata Sadiya, ba ki yi laifi ba, kuma kin fi ni gaskiya a kan Redford. Abin da Abu Sadiq ya faɗa shi ne tushen matsalar. Ƙarfin littafin a bakin Nick yake, yana yaba abu yana kuma ƙyamarsa a jimla ɗaya. Kyamara ba ta iya haka. In ta nuna gida mai kyau, to gida mai kyau ka gani.

Maman Khalil:
Ni Daisy nake so a yi wa adalci in za a tattauna da yaran, don na san 'yan mazan za su ce mata ba amana. Yarinya ce 'yar sha takwas lokacin da suka haɗu, kuma ƙarya ya yi mata, ya bar ta ta ɗauka gidansu ɗaya da nasu a arziki. Bayan shekara biyar ya dawo yana so ta ce ba ta taɓa son mijinta ba ko na rana ɗaya, ga 'ya a tsakani. Wace mace za ta iya? Laifinta na gaskiya shi ne ta kashe rai ta yi shiru, wani ya mutu a madadinta. A kama ta da wannan, ba da auren Tom ba. Malama ki tambayi 'yan matan ajin, za ki ji abin da mazan ba su hango ba.

Injiniya:
Shawara ta aiki: ki nemi mai rubutun magana a ƙasa, don Turancinsu na da sauri. In da majigi za ki haska, ki sa labule mai kauri, na 1974 yana da haske fari-fari, da rana ba a ganin komai. Littafin kuma tun 2021 ya fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, ana samunsa kyauta a intanet, yaran da ba su da kwafi su sauke a waya.

Baba Lakcara:
In ni ne, ba zan haska ko ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Zan zaɓi wurare uku: shagalin farko, rigimar otal, da jana'iza. Kowanne a karanta shi a littafi, a kalle shi a na 1974, a kalle shi a na 2013, sai a tambayi yara me aka cire, me aka ƙara, kuma wa ya amfana da sauyin. Awa ɗaya da rabi ta isa, kuma matsalar Hajiya Umma ta ragu da kanta tunda ke kika zaɓi abin da za a gani.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tsai da shawara: za mu gama babi na tara tukuna, kuma yaron nan shi zan ba ya karanta mana jadawalin da babbar murya. Saƙon iyaye zan tura gobe in sha Allah, Hajiya. Zan bi tsarin Baba na wurare uku, amma zan ƙara na huɗu saboda Sadiya, wurin furannin da ruwan sama. Ɗan Indiya, Amita bai samu shiga ba, sai dai ka yi haƙuri.

Saura abu ɗaya. Abu Sadiq, na 1974 ɗin nan na neme shi wurin masu tura finafinai biyu a unguwarmu, duk na DiCaprio suke miƙo min. In kana da faifansa, ka taimaka ka ara min kafin Asabar ta sama.