Shawarwarin da aka ba mai zuwa Ingila ya zauna gidan mutane

Jama'a, ga abin da na tattaro kan tambayar ƙanenmu na Ƙofar Marusa a Katsina, wanda zai je Ingila ya zauna gidan mutane, yake neman shawarar yadda zai yi zaman.

1. Kowa ya yarda kada ya tafi hannu rabbana: hula ko jakar fata ta isa tsaraba. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su Katsina, Ingila ba ta yarda a shigo da nama daga Najeriya. Ni kaina an taɓa ƙwace mini ƙunshi guda, ina ji ina gani.

2. Tun ranar farko ya gaya wa uwar gidan ba ya cin alade, kada kunya ta cuce shi. Ya riƙa wanke kwanonsa.

3. Ya saka buta a akwati, ya goge ƙasan banɗaki bayan alwala. A Disamba magariba na faɗawa a Landan kafin ƙarfe 4.

4. Kan batun karen da ke gidan aka rabu. Wasu sun ce ya nemi wani gida, mafi yawa suka ce ya roƙi a hana karen shiga ɗakinsa. Ina tare da mafi yawan.

5. In zai yi tafiya zuwa birnin Manchesta: tikitin jirgin ƙasa ya fi araha in an saya da wuri, kuma ya faɗa wa masu gida ranar dawowa.