Neman kalma: me za mu kira imperforate hymen da Hausa?

Sista Ungozoma: Assalamu alaikum. Ana buƙatar sunan da za a sa a takardar wayar da kan iyaye mata. Lalura ce da ake haihuwar yarinya da ita: tantanin da ke bakin farji ya zo a rufe ruf, babu ƙofar da jinin al'ada zai bi. Mutane suna cewa "ba hanya". Mu bar shi haka?

Dakta Likitan Mata: Wa alaikumus salam, Sista. "Ba hanya" ta yi faɗi da yawa, abu uku ta haɗe. Akwai wannan tantanin. Akwai shamaki mai kauri da ke gitta farji can ciki, wanda aikinsa ya fi wuya. Akwai kuma wadda aka haifa babu mahaifa, farjin gajere, alhali ƙwayayenta na aiki, nono ya fito daidai. Ita babu jinin da ke taruwa, kuma dole a duba ƙodarta. Mai rufaffen tantani kuwa, yarinya ce 'yar shekara 12 zuwa 15, ba ta taɓa ganin al'ada ba, amma duk wata sai mararta ta murɗa. Jinin yana taruwa har marar ta kumbura, wani lokaci fitsari ya tsaya. In aka duba, za a ga tantanin ya bunƙuro, shuɗi-shuɗi saboda jinin da ke bayansa.

Malam Mai Fassara: To "toshewar budurci" fa, Dakta? Gajere ne, kowa zai riƙe.

Dakta Likitan Mata: Toshewa na nuna hanyar a buɗe take da farko, wani abu ya tushe ta, Malam. Ita kuwa da shi aka haife ta.

Sista Ungozoma: Ni kalmar budurcin ce ke damuna. Uwa na jin za a taɓa budurci sai ta janye 'yarta, ko a kai ta wurin wanzami a ce gishiri ne, a yanka. Askar na iya kaiwa mafitsara, yarinya ta ƙare da yoyon fitsari. A asibiti kuwa ƙaramin aiki ne: a kashe zafin wurin ko a sa ta barci, a tsaga tantanin, tsohon jinin ya fito da kansa, baƙi kirtif. Ba a matsa marar, ba a kuma huda shi da allura, don ƙwayoyin cuta za su shiga jinin da ya taru.

Malam Mai Fassara: Na gamsu, Sista. Mu ce "rufaffen tantanin gaba". Na ciki kuma "shamakin farji", na ukun "rashin mahaifa na haihuwa".

Dakta Likitan Mata: Biyun farko sun zauna. Na ukun a gyara shi zuwa "haihuwa ba mahaifa", kada a ɗauka rashin haihuwa ake nufi. A ƙara layi ɗaya a takardar: yarinyar da ta cika shekara 15 ba ta ga al'ada ba, a kawo ta asibiti.